Sanarwa Kan Jigilar Dattawan Unguwa

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da warhaka.

Za mu zauna ranar Asabar bayan La'asar a ƙofar masallacin unguwa, don sake tsara jigilar iyayenmu tsofaffi. Masu buƙata sun ƙaru, musamman masu hawan jini da ciwon sukari da ke zuwa Asibitin Murtala, da masu ciwon gwiwa da ake kaiwa Asibitin Ƙashi na Dala.

Duk mai mota ko adaidaita sahu ya rubuto ranar da yake da sarari kafin daren Juma'a. Babur dai mun ajiye shi don aike da karɓo magani. Kada a goya dattijo a kai.

Wanda juyi ya faɗo kansa ya isa gidan bayan sallar Asuba, domin layin kati ba ya jiran kowa. Ya duba ko Baba ya ɗauko katinsa da ragowar kwalayen maganinsa, ya riƙe masa hannu wajen tsallaka kwata. Idan likita ya ce a zo gwajin sukari ba a karya ba, a tuna masa tun da dare, a kuma riƙo masa ɗan kunu. Kada a sauke shi a bakin get a juya. A jira har ya ga likita. Iyayenmu mata kuwa, mace ce za ta raka su.

Marasa abin hawa su zo da gudummawar kuɗin mai, gwargwadon hali. Don Allah ban da ɗaukar hoton kowa a turo nan.

Allah ya saka da alheri, ya ba mu albarkacinsu.

Naku,
Sakataren rukuni