Wayar fayiba ba bututun ruwa ba ce

Edita, assalamu alaikum.

Ni malamin fiziks ne a sakandare. Kwanaki masu gyaran intanet suka tono wayar fayiba, irin mai kai saƙo ta hanyar haske, da ta yanke a bakin makarantarmu, mai jonawa ya ɓare ta ya nuna mana, gilashi ne siriri kamar silin gashi. Wani ɗalibina ya ce malam ai duk hasken da ka tura ciki haka zai fito ko? Na ce masa ina, ba kowanne ba, wallahi tun ranan abin ke raina shi ya sa na rubuto.

Akwai leza, na'ura mai harba siririn haske mai ƙarfi, mai walƙiya ɗaya ta ɗauke cikin femtosakan, wato ka raba sakan ɗaya gida miliyan, kowane gida ka ƙara raba shi biliyan. Cikin femtosakan 100 haske duk gudunsa bai ƙetare kaurin gashin kai ba. Da irinta ake yanka a tiyatar ido, don kafin zafi ya bazu a naman har ta gama. To kai wannan walƙiya inda ake aiki ta cikin waya shi ne rigimar, saboda launuka da yawa ne cure a cikinta kuma a gilashi kowanne da gudunsa, kamar motoci ne suka tashi tare daga tasha amma suka iso a warwatse, mita ɗaya kacal ta isa ta miƙar da ita ninki-ba-ninki, in kuma ƙarfin ya yi yawa gilashin ma lalacewa zai yi.

Dabarar ce ke burge ni gaskiya. Sai a saki launuka marasa gudu a gaba, masu gudun a baya, su zo su haɗu daidai bakin wayar inda hasken zai fito. Donna Strickland da Gérard Mourou ma a 1985 a jami'ar Rochester ta Amurka da fayiba suka miƙar da walƙiyar, suka ƙara mata ƙarfi sannan suka sake matse ta, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2018. A 1999 kuma su Philip Russell a jami'ar Bath ta Ingila suka yi fayiba mai kogo, hasken na bi ta iska maimakon gilashi.

Don Allah Edita ku ware mana ko rabin shafi ne a mako na irin wannan bayani da Hausa, zan riƙa yanko shi ina manna wa yara a jikin allo.

Naku,
wani malamin kimiyya, Zariya