Kira ga kanikawan Jos: a daina cire wa tsofaffin motocinmu tamostat

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan'uwana masu tsofaffin ƙananan motoci a nan Jos, da kuma kanikawan da ke duba mana su.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ma'aikata da 'yan fansho irina da dama sun jingine manyan motoci, wasu sun sayar, aka koma wa su Golf 3, Almera, Starlet da Peugeot 206, don an ce ba sa shan mai. Haka ne, ba sa sha, in suna da lafiya. Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin a watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da ake samu wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024, alhali kusan duk ƙarfen da ke jikin motocin nan daga waje ake kawo shi. Abin da mutum ya tsira da shi a gidan mai, gareji yake kai shi.

Tawa Golf 3 ce ƙirar 1996, inji 1.8, giyar hannu. Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera irinta a 1991, Golf 4 ta gaje ta a 1997, ke nan duk Golf 3 da ka gani tana ɗaukar fasinja tsakanin Taminus da Bukuru ta ba shekara 25 baya. Ni ban ga laifinta ba. Injin mai sauƙin sha'ani ne, kuma yana da juriya. Abin da ke kashe motocin nan tun kwanansu bai ƙare ba shi ne irin gyaran da ake yi musu, kuma babba a ciki shi ne abin da ake yi wa mota in ta fara zafi.

Da zarar allurar zafi ta ɗan gota 90, sai bakanike ya ce maka, "Alhaji, ai tamostat ɗin nan na ƙasar Turawa ne, mu nan zafi gare mu." Ya cire ya jefar, ya kira mai wayarin ya haɗa fanka dairek, da ka murza makulli ta kama juyi har ka kashe. Allura ta kwanta ƙasa, kai ka yi murna, ka biya ka tafi. Yanzu don Allah, a Jos ne za a ce mana zafi gare mu? Garin da ke bisa tudu sama da mita 1,200, inda a watan Disamba da Janairu mutum ba ya iya taɓa ruwan randa da asuba?

Tamostat aikinsa ya tare ruwa a cikin inji har injin ya ɗumama, sannan ya buɗe ya bar shi ya zaga lagireto. In babu shi, injin kullum a sanyaye yake tafiya. Na'urar da ke auna wa mota mai kuma tana ganin sanyi sai ta riƙa ƙaro fetur, yadda take yi da sassafe. Ka ga man da aka sayi motar don a rage shi, ga shi ana zubarwa. Fulogi ya yi baƙi, salansa na warin ɗanyen mai, fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ringi na cinyewa a hankali. Bayan shekara ɗaya ko biyu motar ta fara hayaƙi, a ce maka tsufa ne.

Mafi muni, ainihin ciwon da ya kawo zafin yana nan ba a taɓa shi ba. A wannan mota yawanci ɗayan waɗannan ne: lagireto ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da muke ɗura masa, ko maɓallin da ke jikinsa mai tayar da fanka ya mutu, ko murfin tankin ruwa ya daina riƙe iska, ko kuma wata mahaɗar roba da ke gefen kan inji ta tsage tana ɗiga. Wannan ta ƙarshen ita ce tawa. Ba a gano ta ba sai ranar da nake dawowa daga Abuja, a tsakiyar Hawan Kibo, ga iyali ga kaya, ruwa ya tsiyaye gaba ɗaya. Duk mai bin hanyar nan ya saba ganin motoci a gefe an ɗaga musu bonet suna tururi. Kan injin na alminiyam ne, zafi yana lanƙwasa shi, gaskit ya ƙone. Da aka zaro sandar duba baƙin mai, ya koma kamar shayi mai madara.

Ga abin da na kashe: janyo mota zuwa gari naira 45,000, gaskit 22,000, kai kan inji wurin masu gogewa 18,000, baƙin mai da abin tace shi 21,000, kuɗin aiki 35,000. Jimilla 141,000, wato albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 har ninki biyu da ɗoriya. Ita kuwa robar da ta jawo duk wannan, naira 6,000 na saye ta. Sabon tamostat 9,000. Tun da wani dattijon bakanike ya mayar da shi, ya gyara maɓallin fanka, muka zuba ruwan kulant maimakon na rijiya, allura take tsayawa cak a kan 90, ko a cunkoson Farin Gada ranar da motocin tumatir suka cika hanya, kuma na ga bambanci a yawan zuwana gidan mai.

Abu na biyu da ke kashe motocin nan shi ne gyaran canki-canka. Da damina ta kankama, Golf 3 takan ƙi tashi da safe, ko ta riƙa fizga in an yi ruwa. Sau da yawa kwayil ne, wato abin da ke ba fulogi wuta, jikinsa na roba ya tsattsage da tsufa, danshi ya shiga, wuta ta riƙa tsallakewa. Wani maƙwabcina, malamin firamare, an sa shi ya canza fulogi, aka canza famfon mai, aka wanke nozul, daga ƙarshe aka ba shi shawara wai ya cire injekta gaba ɗaya a sa masa kafireto. Allah ya taimake shi ba shi da kuɗin. Kwayil na naira 17,000 ya raba gardama. Duk kayan da aka canza kafin nan lafiyarsu ƙalau, kuma bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba bayan an cire.

Ƙafar mota ba zan daɗe a kai ba, kowa ya san halin layukan unguwanninmu. Shakazoba, boljoyin, tayirod, bushin, waɗannan sai dai a riƙa ware musu wani abu duk shekara. Abin da zan ja kunne a kai shi ne robar shaf. In ta yage, giris ya zube, ƙasa ta shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas in ka karya kwana. Roba da giris ba su da tsada, kan shaf kuwa ya ninka kuɗinsu sau da yawa. Masu 206 kuma su kula da tayimin bel, domin in ya tsinke mota na tafiya, fistin na dukan bawul ya lanƙwasa su, sai an buɗe kan inji. Kada a dogara da lambar kilomita da ke kan dashbod, a yawancin motocin nan ko dai ta tsaya tuntuni ko an taɓa ta. Wanda ya sayi mota bai san yaushe aka canza bel ba, ya canza kawai.

Sai maganar kaya. Ka shiga kasuwar kayan gyara ta Dilimi neman abu ɗaya, za a tambaye ka: sabo mai kyau, sabo mai araha, ko Beljiyam? A ganina, abin da ya shafi wuta da ƙarfe, kamar kwayil, kik da altaneta, na Beljiyam mai kyau ya fi sabo mai araha. Amma bel, gaskit, robobi da birki ba a saya musu gwanjo, tunda tsufa ne ya kashe na jikin motarka, shi ma wancan tsohon ne. Masu shaguna da dama za su gaya maka gaskiya in kai ka je da ƙafarka. In ka aiki yaron gareji, ba ka san wanne aka sayo ba, ba ka kuma san nawa aka ɗora ba.

Ba cin fuskar kanikawa nake yi ba. Su ma haya suke biya, yara suke ciyarwa, kuma da yawansu abin da ogansu ya koya musu tun zamanin Peugeot 504 da kamfanin PAN ke haɗawa a Kaduna shi suke yi. Roƙona ga shugabannin ƙungiyarsu ta NATA a Filato abu uku ne: a mayar wa mai mota duk abin da aka cire daga motarsa, a rubuta masa kuɗin kaya daban da kuɗin aiki, kuma a shirya wa yara masu koyo bita a kan tsarin sanyaya inji.

Kai kuma Malam Edita, yadda jaridu kan kawo farashin masara da shinkafa daga kasuwanni, me zai hana ko sau ɗaya a wata wakilanku su zaga Dilimi a Jos, Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano da Apo a Abuja, su kawo mana farashin kayan gyaran motocin da talaka ke hawa? Ko guda goma ne, mutum zai shiga gareji ya san inda zai fara ciniki.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Unguwar Rogo, Jos.