A koya wa jama'a aikin ƙaramar hukuma

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wallahi mutane da yawa ba su san aikin kansilansu ba, wasu ko sunansa ba su sani ba, kwalbati ta toshe ko shara ta taru sai ka ji ana ta zagin shugaban ƙasa alhali ofishin da ya kamata a je yana nan kusa da gida.

Shi ya sa nake roƙon a riƙa shirya wa mazauna unguwa bita, ko da sau ɗaya a sati ne da yamma, a nuna musu yadda ake tsara kasafin kuɗi, ina harajin da suke biya yake tafiya, wa ke sa hannu kafin a ba da kwangila, da yadda ake rubuta koke har ya isa teburin ciyaman. A kai su su zauna su kalli zaman kansiloli da idonsu, wannan ma ya fi lacca amfani a ganina.

A birnin Porto Alegre na Barazil tun 1989 suka fara zama da talakawa ana zaɓen ayyukan da za a kashe wa kuɗi. To wanda bai san mene ne kasafi ba ta yaya zai yi irin wannan zama? Kuma don Allah in za a yi kar a manta da mata da matasa, a sa lokacin da za su iya zuwa.

Naka,
Mai karanta jaridarku kullum