A ba masu tafiya da ƙafa titi guda a Adum

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan korar 'yan tebur da hukumar birnin Kumasi, wato KMA, ke yi daga gefen titunan Adum da Kejetia, wai don a rage cunkoso.

Gaskiya cunkoso akwai shi, amma ni dai a ganina motoci ne suka fi cinye hanyar. Ranar Asabar ka tsaya a titin Prempeh II ka gani, tasi da trotro (ƙananan bas na haya) da aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) kowa na danna hon, ga 'yan kayaye, wato mata 'yan dako, da manyan kwanuka a ka suna ratsawa ta tsakanin motoci, tsohuwa kuwa sai ta daɗe tsaye ba ta samu ta tsallaka ba. Mai sayar da waakye (shinkafa da wake) da aka kora yau, jibi za ta dawo, don nan ne masu saye suke kuma yaranta na jiran kuɗin makaranta.

Shawarata, a rufe wa motoci titi ɗaya a Adum ko da ranar Asabar ce kawai, a shata wa masu sana'a wuri da fenti su riƙa biyan tikiti, masu sauke kaya su gama kafin ƙarfe bakwai na safe. A gwada wata uku a gani.

Naku,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi