Wasiƙa zuwa ga Lawali a Liyon

Assalamu alaikum Lawali,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan Maradi bazara ta kankama, zafi na haura digiri 40, ko kabu-kabu ka hau iskar kamar daga bakin murhu. Na ga Hajiyarka ran Juma'a, lafiyarta lau, ta ce in ja maka kunne kan rashin kiran waya.

Shawara na yanke, kuma na san za ka yi dariya: ƙarin karatu nake so in yi a fannin likitancin wasanni da motsa jiki. Abokan aiki har sun laƙaba mini "likitan ƙwallo". Uwargida kuwa cewa ta yi, duk ciwon da ke garin nan ban ga na kamawa ba sai targaɗe?

Ga abin da ya jawo. Sati uku da suka wuce na tsaya kallon wasan matasa a wani fili cikin unguwar Zariya, wajen la'asar. Wani yaro da bai wuce shekara 17 ba ya yanke jiki ya faɗi, ba wanda ya taɓa shi. Nan take aka yi masa rumfa. Wannan na kwarara masa ruwan leda, wancan na neman cusa masa cokali a baki, wani dattijo na tofi yana cewa iska ce. Da ƙyar na kutsa. Na taɓa wuyansa, jijiya na bugawa, na sa aka ja baya aka kai shi inuwa, ya farfaɗo. Washegari ubansa ya zo da shi, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce: "Likita, zai iya komawa ƙwallo?" Wallahi Lawali, na rasa amsa. Zafi ne ya kada shi, ko zuciyar ce ke da lahani? Duk shekarun da muka kwashe a Yamai, majinyaci a kan gado aka koya mana, ba lafiyayyen da ke gudu ba. Ita ma zuciyar ɗan wasa takan yi kauri saboda atisaye, kuma raba wannan da kaurin cuta a takardar awon zuciya aikin gwani ne.

Kai da ke karatun zuciya a Liyon ba sai na tuna maka ba: a nan Liyon ɗin ne Marc-Vivien Foé, ɗan ƙwallon Kamaru, ya faɗi a 2003, suna wasa da Kolombiya, yana da shekara 28, kaurin tsokar zuciya ya yi ajalinsa. Shi kuwa Eriksen na Denmak da ya faɗi a 2021, an danna masa ƙirji nan take, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya a cikin fili, har ya koma taka leda. Rai na Allah ne, amma akwai sanin hannu.

Ka dubi kokowa ma. Garin Kantu ne fa nan, wanda ya ɗauki takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, filin kokowarmu ma sunansa yake ɗauke da shi. Ɗan kokowa ya goce kafaɗa, maɗori zai mayar, bayan kwana kaɗan ya ɗaura layu ya koma, kafaɗar ta sake fita. Ba na raina maɗora, wasunsu hannunsu ya fi nawa, sai dai ba mai gaya wa yaron wata nawa zai huta, da irin motsin da zai ƙarfafa gaɓar.

Ba kuma 'yan wasa kaɗai fannin ya shafa ba. Alhazan kasuwa da nake gani da hawan jini da ciwon suga, daga mota sai shago. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Amma ka ce wa alhaji ya taka da ƙafa zuwa masallaci, sai ya ce mutane za su ɗauka karayar arziki ce.

Na fara kwas ɗin FIFA na likitancin ƙwallo, kyauta ne ta intanet, ina bi da dare in akwai wuta. Kwamitin Olamfik ma na da difloma ta shekara 2 daga nesa, da Ingilishi, ka kuwa san Ingilishina. A Ingila tun 2005 suka mai da likitancin wasanni fanni mai zaman kansa, amma can ya fi ƙarfin aljihuna. Abin da nake so shi ne wanda zan taɓa gwiwa da hannuna a gaban malami. Don Allah ka bincika mini diflomomin jami'o'in Faransa: kuɗin rajista, tsawon lokaci, da ko suna karɓar takardunmu. In akwai a Dakar ko Maroko ma, ya fi mini sauƙi saboda yara.

Yaron kuwa na tura shi wajen likitan zuciya, na hana shi wasa sai sakamako ya fito. Yanzu in ya hango ni a hanya sai ya ɗaure fuska.

Ka gaida madam da su Nana. Kilishinka na nan, ina jiran mai tafiya.

Naka,
Sani