Wanda ya fara durƙuson nan, har yau bai koma fili ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ina yi muku fatan alheri da duk ma'aikatanku. Dan Allah a bani ɗan fili, akwai wani ɗan wasa da nake so shafinku na wasanni ya waiwaya, dan kullum Firimiya ce da Laliga.

Duk wanda yake shiga gidan kallon ƙwallo a Kano daga 2020 yasan lokacin da 'yan Firimiya ke durƙusawa da gwiwa ɗaya kafin a take wasa, amma ka tambayi samarin da ke cika bencin nan a Fagge ko Kurna waye ya fara, da wuya ka samu mai amsa. Sunansa Colin Kaepernick, kuma ba irin ƙwallonmu yake bugawa ba, ƙwallon Amurka ce ta gasar NFL, wadda ake runguma a hannu ana gudu ana karo. Shi kwatabak ne, wato mai jefa ƙwallo kuma mai tsara hari, duk tawagar shi take kallo.

An haife shi a 1987, mahaifinsa baƙar fata mahaifiyarsa farar fata, wasu ma'aurata turawa suka ɗauke shi tun yana jariri suka raine shi a Kalifoniya. Kulob ɗin San Francisco 49ers ya ɗauke shi a 2011, ya fara da zaman benci, sai a 2012 kwatabak ɗinsu Alex Smith ya samu buguwa a ka aka sako shi, daga nan fa bai sake sakin wurin ba har ya kai su wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2013, inda Baltimore Ravens ta ci su 34 da 31. A 2014 ya sa hannu a kwantiragin shekara shida da zai iya kaiwa dala miliyan 126. Wannan mutum ne da ya riga ya samu duniya, da ya ja bakinsa ya yi shiru ba mai ce masa komai.

Sai 2016, 'yan sanda suka harbe Alton Sterling da Philando Castile, duka baƙaƙe, kwana ɗaya tsakani. Kaepernick ya ƙi miƙewa in ana taken ƙasar Amurka kafin wasa, dan nuna adawa da zaluntar baƙaƙe. Da farko zama yake yi, wani tsohon soja Nate Boyer ne ya bashi shawara ya riƙa durƙusawa dan kar a ɗauka raina sojoji yake yi, kuma ya karɓa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ba fitina yake nema ba.

A Maris 2017 ya rabu da kulob ɗin yana da shekara 29, kuma cikin kulob 32 na gasar ba wanda ya ɗauke shi, har yau ɗin nan da nake rubutu. Masu kare NFL suna cewa ai wasansa ya ja baya, eh gaskiya a 2015 ya yi fama da rauni har aka ajiye shi, amma a 2016 sau 16 jifarsa ta kai ga ci, sau 4 kacal abokan hamayya suka cafke, kuma an ga waɗanda basu kama ƙafarsa ba suna samun aiki. Shugaba Trump ma a 2017 ya fito fili yace a kori masu durƙuso. Kaepernick ya shigar da ƙara cewa masu kulob sun haɗa baki, a 2019 aka sasanta a ɓoye. Sai da ɗan sanda ya kashe wani baƙar fata George Floyd a 2020 sannan shugaban gasar Roger Goodell ya yarda sun yi kuskure da basu saurari 'yan wasa ba, to amma aikin fa? Ba a mayar masa ba.

Abin da ya fi taɓa ni shine rayuwarsa bayan nan. Bai zauna yana zagin kowa ba, ya yi alƙawarin raba dala miliyan 1 ga ƙungiyoyin taimakon jama'a kuma ya cika, ya kafa Know Your Rights Camp yana koya wa yara haƙƙinsu in sun haɗu da hukuma, ya zo Ghana a 2017, Amnesty ta karrama shi a 2018, Nike ta yi talla da shi har wasu suka riƙa ƙona takalmansu dan haushi. Kuma bai daina atisaye ba, a 2023 ma sai da ya rubuta wa kulob ɗin New York Jets wasiƙa yana roƙon ko a cikin 'yan atisaye ne a sa shi. Wallahi wannan wasiƙar ta bani tausayi sosai, mutumin da ya buga Super Bowl.

Malam Edita, yaranmu sun haddace albashin kowane ɗan wasa a Ingila. Ina roƙo ku ware ko rabin shafi ne ku kawo musu labarin nan da Hausa dalla-dalla, da hotonsa, in da hali ma gidajen rediyonmu na Kano su ɗauka a shirin wasanni na yamma.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karanta ku kullum,
daga Fagge, Kano