Ina fim ɗin Sallah da za mu kalla tare da 'ya'yanmu?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Da fatan an yi Sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Abin ya daɗe yana cina, kuma ka san malamar makaranta idan ta riƙe alli ba ta iya gajarta zance.

Washegarin Sallar da ta wuce, bayan la'asar, na leƙa falona na ƙirga mutum goma sha ɗaya: 'ya'yana, jikokina biyu, da 'ya'yan ƙanwata da suka zo yawon Sallah daga Rijiyar Lemo. Ga cincin ga dubulan a faranti, ga sabon ɗinki, ga lalle har gwiwar hannu. Amma falon tsit kamar ana zaman makoki. Kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Autana ne kaɗai ke ƙyalƙyala dariya, shi ma shi da wayarsa. Na ce, "Kai, me ake kallo ne, a san mana mu ma mu dara?" Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Umma, ba za ki gane ba, kashi na arba'in da biyu ne." Ranar na ƙudurta sai na rubuto maka.

A Fagge aka haife ni, a can na yi ƙuruciyata a farkon shekarun 1980. Sallah a gidanmu tana da tsarinta da ba ya tashi. Ranar Idi Baba ya tafi da maza filin Idi, mu mata mu yi ta safa da marwa da langunan tuwon shinkafa da miyar taushe, gida-gida, kowane gida a juye a zuba mana nasu. Washegari mu shiga cikin gari kallon Hawan Daushe, mu nemi gindin katanga wajen Ƙofar Kudu tun rana na tsaka, muna jiran ƙarar bindigogin 'yan bindiga. Rana ta uku Hawan Nassarawa, Sarki ya je gidan gwamnati. Idan kuɗin barka da Sallah ya yi saura, sai gidan Zoo. Sinima kuwa ba ta cikin lissafin 'ya mace, ko da wasa.

Abin dariyar shi ne, sinimar ce ke zuwa har ɗakinmu. Sinimar Plaza ba ta da nisa da mu, kuma gidajen sinimar wancan lokaci ba su da rufi, shi ya sa ba a fara haskawa sai duhu ya yi. Idan dare ya raba kaɗan, iska ta juyo, sai waƙar Indiya ta tsallako katanga ta same mu a kan tabarma. Yayana shi ne wakilinmu. Ya tara barka da Sallarsa, bayan isha'i ya sulale, ya dawo ta katangar bayan gida. Da safe muna wanke-wanke zai tsuguna ya ba mu labarin tun daga rubutun farko, shi ne ekta, shi ne bos, shi ne budurwar, har kukan uwar yake yi mana da gefen rigarsa. Na san fina-finai da yawa ciki da bai waɗanda har yau ban taɓa sa su a ido ba. Ranar da Baba ya kama shi kuwa, dorina ce ta ƙarasa labarin.

Ban ga laifin Baba ba, don tsoron yana da asali. Tun da aka buɗe Rex a 1937, Kwarori ne ke da yawancin gidajen sinimar Kano, kuma wajen ganuwa aka fi gina su, Sabon Gari da Fagge, inda mutanen cikin gari ke yi wa kallon bariki. Sannan ga gobarar sinimar El Duniya ta 1951 da ta ci rayuka sama da 300. Kakata ta ga wannan rana, kuma har ta koma ga Allah ba ta daina ba da labarinta ba. Takan ce, "Gidan da aka raɗa wa suna Duniya, me ɗan mutunci ke nema a cikinsa?" Da wannan aka tarbiyyantar da mu. Orion ta Ƙofar Wambai, Wapa, Eldorado, Marhaba ta Farm Centre, duk sunaye ne da muke ji a bakin samari. Macen da aka gani a bakin ƙofarsu ta gama zubar da mutuncinta a unguwa.

Saboda haka duk mai cewa a da iyali na zuwa sinima da Sallah a Kano, ko dai ba a nan ya girma ba, ko kuma ya manta. Kallon iyali a cikin gida ya fara, kuma kaset ne ya kawo shi. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, daga nan kasuwa ta buɗe. Ni a lokacin ina amarya. Da maigidana ya sayo bidiyo, sai kaset ɗin Sallah ya shiga jerin kayan Sallah, sahu ɗaya da shadda da kaji. Masu shirya fim ma sun gane haka, manyan fina-finansu sai su ajiye su sai Sallah. Ranar jajibere za a tura yaro Ƙofar Wambai ko shagon haya na bakin layi ya kama layi tun kafin a wawashe.

Wannan zaman shi nake kewa, Malam Edita, kuma shi zan ɗan tsaya a kansa. Bayan isha'i a fito da talabijin tsakar gida a ɗora a kan turmi da faifai, a shimfiɗa tabarmi. Matan maƙwabta su shigo da goyo, yara su cika gaba, maigida ya ja kujera can gefe yana nuna kamar rediyonsa yake saurare, alhali idonsa na kan allo. Ba a kallon nan a shiru. Surukata, Allah ya jiƙanta, da baki take shiga fim ɗin. Ta ce wa jarumar, "Ke 'yar nan, kada ki sha, an zuba magani!" Idan ta sha, ta juyo ta ce mana, "Kun gani, na faɗa mata." Idan aka zo waƙa ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce a wuce wurin, yara su yi ta roƙo. Aka ɗauke wuta ana tsakiyar rikici, sai a yi ta salati har a tayar da janareto. Bayan an gama kuma a buɗe wata mahawarar, wa ya fi laifi tsakanin uwargida da amarya, har goro ya ƙare. A irin wannan zama na ji ra'ayin 'yata ta fari kan auren dole, tana 'yar shekara goma sha uku, abin da ba za ta taɓa faɗa mini ido da ido ba. Fim ɗin ya zama dalili ne kawai. Ko mai kyau ne ko marar kan gado, mun kalle shi tare, mun san abin da ya shiga idon yaranmu.

Yadda wannan ya watse kowa ya sani. Faifan CD ya kori kaset, masu satar fasaha suka kashe faifan, sannan masu tura fim a waya suka ƙarasa aikin. Wanda ya kashe dukiyarsa ya yi fim, kafin ya mayar da uwar kuɗi an raba shi a bakin titi da canjin sayen ruwan leda.

Sai kuma aka samu wani ɗan tsakani mai daɗi. Bayan an buɗe Ado Bayero Mall a titin gidan Zoo a 2014, aka sa sinima a ciki, mai rufi da sanyi da kujeru, ana haskawa da rana tsaka. Masu shirya fina-finan Kannywood suka koma kai sababbin fina-finansu can ranar Sallah. A nan na fara shiga sinima a rayuwata, ina da shekara arba'in da 'yan kai. Mu bakwai muka je a adaidaita sahu biyu, har da Hajiyarmu, wadda sai da muka yi kwana uku muna lallashi, kuma sharaɗinta ɗaya ne, a fito kafin magariba. Kuɗin tikiti da gugguru sun ɗan girgiza jakata, ba zan ɓoye ba. Amma da na waiwaya cikin duhun nan, mata da yara na gani sun fi yawa, hijabai jere, wasu da mazajensu. Hajiya ta manta inda take, ta ɗaga murya ta ce wa mugun fim ɗin Allah ya isa, layinmu gaba ɗaya ya fashe da dariya. A hanyar dawowa ta ce, "Ashe abin da yayanku ya sha duka a kansa ke nan." Mako biyu ana maganar fim ɗin a gidanmu. Sallah uku muka jera muna zuwa, har yara suka sa masa rana, rana ta uku bayan hawa.

Korona ta zo a 2020 ta rufe komai. Kafin a farfaɗo, tsadar rayuwa ta danno, musamman bayan cire tallafin mai a 2023, kuɗin abin hawa kaɗai ya isa ya hana magidanci motsi da iyali. Masu fim kuma suka karkata ga masu dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin, inda ake biyan su. Ban zarge su ba, kowa inda zai ci yake nema. Sai dai fim mai kashi sittin ba na zaman Sallah ba ne. Wanda ya zo daga Rijiyar Lemo yana kashi na goma, wanda ke gida yana na arba'in, kaka ba ta san ko ɗaya ba. Kowa sai ya kama wayarsa.

Abin ya haɗu da wani rashin. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan Sallar Kano cikin kayan gadon al'adun duniya, muka yi murna. Amma a daidai wannan tsakani ne aka yi ta dakatar da hawan saboda dambarwar masarauta. Ba siyasa ta kawo ni ba, ina dai faɗa maka yadda abin yake a cikin gida: yaro ya ci ado, an ce babu hawa, gidan Zoo ya cika ba masaka tsinke, ina za a kai shi?

Roƙona na farko ga masu shirya fim ne. Ko sau biyu a shekara, ku yi mana fim ɗaya cikakke, mai farko da ƙarshe a zama guda, wanda uba zai kalla kusa da 'yarsa ba tare da ya fara neman abin da zai duba a ƙasa ba. Ba wa'azi nake nema ba, muna da malamai. Labari nake nema mai daɗi, da dariya da ɗan hawaye. Kuma don Allah kada a kai mu ƙarshen fim a ce mu tara a kashi na biyu. An taɓa yi mana haka, jikata ta yi kuka har gida.

Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano kuwa, tun 2001 take aiki, kuma mun fi jin ta idan ta hana ko ta dakatar. Ina ma a ce tana taimaka wa iyaye ta wata fuskar, a riƙa rubutawa ɓaro-ɓaro da Hausa a jikin fasta da farkon kowane fim: wannan na kowa da kowa ne, wannan sai manya. Uwa ba ta da lokacin da za ta kalli fim ita kaɗai kafin ta nuna wa yara, tana fama da suyar nama.

Na san akwai masu cewa taron kallo ƙofar ɓarna ne, cakuɗuwa ce. Ina girmama su, jinin kakata ne a jikina. Amma shekara kusan talatin ina koyarwa, na ƙwace wayoyi a aji ba adadi, kuma na ga abin da ke cikinsu. Kallon hantsi ko bayan azahar, a wuri mai tsari, mata gefe maza gefe idan an so, uwa na zaune kusa da ɗanta, ya fi mini kwanciyar hankali sau dubu a kan abin da yaro ke kallo cikin bargo ƙarfe ɗayan dare. Ba ma sai an gina sabbin gidajen sinima ba. Iyayenmu sun ga majigi a filin unguwa da ƙofar gidan hakimi, da farin ƙyalle da mota ɗaya. Ga ɗakunan taro na makarantu a rufe duk hutun Sallah. Me zai hana mai fim ya yi yarjejeniya da su, a sa kuɗin shiga daidai aljihun talaka, a yi rangwame ga mai iyali? Shi ya samu kuɗinsa hannu da hannu kafin ɓarayin fasaha su farga, mutanen Bichi da Wudil da Rano ma su samu rabonsu ba sai sun shigo birni ba.

Kai ma, Malam Edita, da naka aikin. Shafinku na nishaɗi ya fi ba mu labarin wane jarumi ya sayi mota, wace jaruma ta yi aure. Ku sa wakilinku ya riƙa kallon sababbin fina-finai kafin Sallah, ya gaya mana gaskiya wanne za a iya kallo da yara da surukai, a ina za a nuna, da ƙarfe nawa.

Ni dai na riga na yi shirina. Na yi magana da wani abokin aikina zai ara mini na'urar haska hoto, ina da farin zanen gado da zan ɗaure a igiyar shanya, kuma na sanar da yara cewa daren rana ta biyu duk wayoyi a cikin samira za su kwana. Autana ya ce zai shigar da ƙara wajen Hajiya, bai san ita ta fara tambayar wane fim za a sa ba. Amsar da ban da ita ke nan har yanzu. Idan wakilinku ya samo, a buga kafin jajibere.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar makaranta, Fagge, Kano